Tabar Kawu Mai Batir

A duk layin da shagon Kawu tela yake, babu wanda bai san Tartsatsi ba. Sunan ya samo asali ne daga ranar da ya gyara wa mai aski fanka, aka kunna ta, ta yi feshin wuta har masu jiran aski suka fice a guje, ɗayansu da kumfa a haɓa. Shi kuwa ya karɓi sunan hannu bibbiyu, yana cewa ba a laƙaba wa mutum sunan wuta sai an ga ƙwaƙwalwarsa na ci. Kayan aikinsa ba su wuce sukudireba guda, da filaya mai karyayyen haƙori, da baƙin salatif ba. Idan yana son sanin ko batir na da rai, harshe yake sa masa.

Mahaifiyarsa ce ta turo shi gidan yayanta don ya koyi ɗinki. Da ya karya allurai iya son ransa, sai ya bayyana wa Kawu cewa kansa ya fi ƙarfin zare. Tun daga lokacin burinsa ya zama ɗaya tak, wato kusurwar barandar shagon, inda teburi zai zauna daidai. Har ya sa an rubuta masa allo mai cewa BABBAN INJINIYA, GYARAN DUK ABIN DA KE CIN WUTA, ya ɓoye shi a ƙarƙashin gado. Amma duk lokacin da ya taso da maganar, amsar Kawu ba ta sakewa.

"Shagona cike yake da yadin mutane. Ka bari in mutu tukuna, sai ka ƙone shi a nitse."

Shi ma Kawun yana da tasa damuwar. Tari ya matsa masa, likita ya hana shi taba, Hajiya matarsa kuma ta sa ya yi alkawari a gaban 'ya'yansa, sannan ta bi dangi gida gida tana ba da labarin cewa maigida ya daina. A gida kam ya daina. A shago kuwa akwai kwali kwance a durowar keken ɗinki, a ƙarƙashin zarurruka, kuma akwai labulen da ake gwada kaya a bayansa. Matsalar ita ce hancin Hajiya, wanda ke iya sanin abin da maƙwabta za su dafa tun ba su hura wuta ba. Ta fara shinshinar rigarsa idan ya dawo, tana yin shiru irin wanda ya fi faɗa ciwo.

Wata rana wani direban babbar mota ya zo awo. Yana tsaye Kawu na zagaya masa tef, sai ya zaro wani abu kamar biro daga aljihu, ya zuƙa, ya feso tururi mai ƙamshin alewa. Babu toka, babu ashana, babu wari. Kawu ya bi tururin da ido har ya manta awon kafaɗa.

Tartsatsi na zaune a kan buhun ƙyallaye. Direban na fita ya miƙe.

"Kawu, na ga abin da idonka ya gani. Wannan ai wasan yara ne. Batir ne da waya da ɗan ƙarfe mai ɗaukar zafi. Waɗanda suka ƙera shi ma, da sun san da ni, da sun zo neman shawara."

"Rufe mini baki, kada wani ya ji."

"Ba wanda zai ji, ba wanda zai shaƙa. Zan haɗa maka wadda ta fi tasa, siririya, mai shiru kamar kurma. Ko a gaban Hajiya ka sha, za ta ɗauka turare ka saya."

Kawu ya dubi ƙofa, ya dubi durowa, ya sassauta murya. "Idan ka yi, kuma ba ta sani ba, kusurwar nan taka ce."

Kafin direban ya tada mota Tartsatsi ya cim masa, ya roƙi kan wata tsohuwar tabar lantarki da ta daina aiki, da sauran ruwa a cikinta. Ya koma gida yana tafiya kamar wanda aka naɗa sarkin lantarki.

Ya fara da batirin tocila. Ya ɗaura wayoyi, ya naɗe da salatif, ya zuƙa har kumatunsa suka haɗu a tsakiya, bai samu komai ba sai ciwon kai. Ya lashi batirin, ya ji ɗan tsami kaɗan, ya yanke hukunci cewa aikinsa daidai ne, batirin ne mai rowa.

Sai ya tuna injin askin mai aski, wanda ke yini yana ƙugi ba ya gajiya. Mai aski ya rantse tun ranar fanka cewa ko ƙusa ba zai ƙara ba shi ba, don haka Tartsatsi ya jira ya fita cin abinci, ya buɗe injin, ya zare batirinsa, ya cusa na tocila a gurbinsa. Da rana injin ya mutu a tsakiyar kan wani malamin makaranta, rabi an kwashe, rabi na nan kamar gonar da aka fara shara aka gudu. Mai aski ya leƙo waje yana girgiza injin, ya ga Tartsatsi tsaye kamar mai wucewa.

"Kai, zo nan. Ka taɓa wannan?"

"Ni? Allah ya kiyaye. Amma daga jin yadda ya yi shiru, na san cutarsa. Gajiya ce ta shige shi. Kawo in kai shi ya huta."

"Ya huta? Injin ne ko mai jego?"

"Maigida, ku kuna ganin gashi ne kawai, mu muna ganin abin da ke ciki."

Malamin makaranta ya ce ko shaiɗan ne a ba shi ya gyara, shi dai yana da aji gobe. Haka mai aski ya miƙa injin yana ƙunƙuni, ya ɗauki almakashi.

A ɗaki wata sabuwar matsala ta taso. Jar waya da baƙa sun ƙare, sai korayen wayoyin da ya kwaso daga gawar fankar nan, duk kala ɗaya. Tartsatsi ya ce wa kansa kala ai don masu koyo aka yi ta. Ya haɗa yadda zuciyarsa ta raya masa, ya kai baki, ya danna. Hayaƙi ya fito kam, amma ta gindi ya fito, tare da ƙara da walƙiya. Da ya buɗe ido, gashin bakin da ya daɗe yana reno ya tafi daga ɓangaren hagu, batirin mai aski kuma ya kumbura kamar ƙwai.

"Me ke ƙauri a ɗakin nan?" Muryar Hajiya ce daga tsakar gida. Kafin ya tura kayan ƙarƙashin gado ta ɗaga labule. Ta dubi hayaƙin, ta dubi leɓensa. "Au, kai ma ka fara? Kawunka ya yi ta maza ya daina, kai ka gaji abin?"

"Hajiya, ba taba ba ce, bincike ne."

"Binciken ne ya cinye maka rabin gashin baki?"

"Ilimi ba ya zuwa kyauta, Hajiya."

"To ka yi a hankali, kada ya zo ya karɓi hancin ma. Ka yi koyi da kawunka, mutum mai magana ɗaya."

Ta saki labule. Tartsatsi ya aske ɗaya ɓangaren, ya gaya wa 'yan layi cewa injiniyoyin ƙasashen waje sun daina barin gashin baki.

Ana cikin haka sai ga mai maganin ɓera, wani dattijo da ke zagaya unguwanni da faranti a ka da ƙaramar lasifika a hannu, tana yi masa talla da muryar da ya ɗauka a ciki. Mariƙin lasifikar ne ya tsage, yana neman mai ɗaure masa. Tartsatsi ya karɓa da ladabi, ya ce a ba shi lokaci, irin wannan tsagewar tana da tushe a ciki. Yana shiga ɗaki ya kwance ta, sai ga batura manya manya kwance a kan wani koren faranti mai maɓallai biyu, baƙi da ja. Ya lashi ɗaya, harshensa ya kaɗa har ƙeya. Ya yi hamdala.

Nan aikin gaske ya fara. Ya so ya raba baturan da farantin, amma yana yanke waya ɗaya sai wuta ta ɗauke. Ya mayar, ta dawo. Ya yanke wata, ta sake ɗaukewa. Ya haɗa kan tabar direba a inda ya ga fili, ya danna baƙin maɓalli, sai ga tururi na gaske, mai ƙamshin alewa, ta wurin da ya kamata. Amma tare da tururin, ɗan bakin lasifikar ya yi magana ƙasa ƙasa, kamar mai mura: "Maganin ɓera, maganin kyankyaso." Ya yanke wayar bakin, tururi ya tsaya. Ya mayar, tururi ya dawo da tallarsa. Ya juya wayoyin sama da ƙasa, ya roƙe su, ya zage su, abin ya ƙi rabuwa.

Daga nan ya kafa wa kansa doka, wadda ya yi niyyar koya wa almajiransa na sana'a idan ya samu teburi: duk wayar da aka cire wuta ta ɗauke, wannan waya 'yar gida ce, ba a korar ta. Da wannan dokar babu abin da ya fita. Batura, faranti, bakin lasifika, maɓallai, duk suka zauna. Abin da aka yi alkawarin zai zama kamar biro ya kai girman ƙaramar kabewa. Ya duba gidan kaf bai ga abin da zai ɗauke shi ba sai jan fulas ɗin Hajiya mai furanni. Ya zare kwalbar ciki, ya cusa kayan, ya huda murfi ya fito da bakin zuƙa, ya huda gefe ya fito da maɓallan. Muryar kuwa bai damu da ita ba, tun da ba ta fi raɗa ba. Ya sa abin a caji har ya ƙoshi, don kada Kawu ya ce an yi masa rowar wuta.

Da hantsi ya isa shago, ya tarar da Kawu shi kaɗai. Ya ajiye fulas a kan teburin yanka kamar mai ajiye jariri.

"Shayi ka kawo mini?"

"Tabarka ce, Kawu."

Kawu ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. "Wannan zan sa a aljihu? Ni da na ce siririya?"

"Ta direba ai ta talakawa ce. Wannan ta manya ce, ta zaman ofis. Kuma wa zai zargi fulas?"

Ya danna baƙin maɓalli. Abin da bai lissafa ba shi ne, caji ya buɗe wa lasifikar maƙogwaro. "MAGANIN ƁERA! MAGANIN KYANKYASO! KA SA YAU, KA KWASHE GAWA GOBE!" Kawu ya yi tsalle ya bugi keke, almakashi ya faɗi. Tartsatsi ya rungume fulas yana danna duk abin da yatsansa ya samu, har ya faɗa kan jan maɓalli. Nan take abin ya yi tsit, wata 'yar jar fitila ta kama.

Ya share gumi, ya gyara tsayuwa. "Ka gani? Wannan shi ne makullin shiru. Da gangan na sa shi. Na farkon gwaji ne, don ka tabbata akwai wuta."

"To in ka ɗaga yatsa fa?"

"Ba a ɗagawa. Ɗaurewa ake yi."

Salatif ya ƙare a cikin fulas, don haka Kawu ya jawo zaren roba mai ƙarfi, irin na ɗinkin jaka, ya naɗe jan maɓallin, ya ƙulla ƙulli na tela. Ya zuƙa a tsorace, ya feso tururi, fuskarsa ta washe. Tartsatsi ya ce kada a kashe, domin abin yana da wuyar tashi, gara a bar shi ya saba. Daga nan suka zauna suka buɗe ciki, irin hirar da mutum ke yi idan ya tabbata bango kaɗai ke ji. Kawu ya faɗi nasa, Tartsatsi ya faɗi nasa har da ƙari, suna dariya suna tafawa.

Sallamar Hajiya ce ta katse su. Kawu ya tura fulas ƙarƙashin teburi, ya jefa masa ƙyalle. Ta shigo da kwanon abinci, tare da wasu ƙawayenta biyu da suka zo karɓar ɗinki. Ba su gama zama ba sai ga mai aski, a bayansa mai maganin ɓera, kowanne ya zo neman kayansa a wurin injiniya.

"Ina injina? Yatsuna sun kumbura da almakashi."

"Yana samun sauƙi, maigida. Jiya ma ya ɗan motsa."

"Ni kuma lasifikata fa, yaro?" in ji dattijon. "Mariƙi kawai na ce ka ɗaure. Ɓerayen unguwa har sun fara gaishe ni."

"Baba, tana nan kusa. Kusa ƙwarai."

Hajiya ba ta kula su ba, tana gaya wa ƙawayenta yadda maigida ya jefar da taba rana ɗaya bai waiwaya ba, tana cewa su turo mazajensu su ɗauki darasi. Kawu na murmushi yana zufa. Sai ta tsaya, ta ɗaga hanci.

"Wa ke dafa alewa a shagon tela?"

Tururi na fitowa daga ƙarƙashin teburi a hankali. Ta sunkuya, ta ɗage ƙyallen.

"Ikon Allah! Fulas ɗina da nake nema har na zargi mai wanki?"

Ta ɗauko shi, ta ce wash, da zafi. Zafin nan kuwa ya riga ya gama da zaren roba. Ƙullin Kawu ya narke a gaban idonsa, jan maɓalli ya ɗago, 'yar fitilar ta mutu. Fulas ya yi gyaran murya, ya yi magana da muryar Kawu, da ƙarfin da ke kai talla ƙarshen layi.

"Ni na daina? Wa ya gaya maka? Kwalina na nan a durowar keke, ƙarƙashin zare. Hajiya ai hanci gare ta kamar na jami'in kwastan, amma ba ta san kan keke ba."

Sai dariya, sai muryar Tartsatsi. "Bar ta, Kawu. Da fulas ɗinta ma za ka riƙa sha a gabanta. Mai aski kuwa batirinsa ya fashe tuni, na binne shi a bayan gida, yana can yana jiran injin ya warke. Tsohon nan mai ɓera, hanjin lasifikarsa ne a ciki, fanko zan mayar masa in ce tsufa ne ya kama ta."

Fulas ya ja numfashi, ya sake farawa daga "Ni na daina?"

Tartsatsi ya yi tsalle ya ƙwace shi. Ya danna baƙi, ya maƙale saboda zafi. Ya cusa shi cikin buhun ƙyallaye, muryar ta fito a daƙushe amma kowace kalma a sarari. Ya fita da shi baranda, abin da ya ƙara wa layin gaba ɗaya jin daɗi, domin masu shaguna sun riga sun fito, malamin makaranta ma ya tsaya da hularsa har kunne. Ya fizge murfin, ya kama waya ɗaya ya ja, ta ba shi wuta a yatsa. Sai da mai aski ya kawo bokitin ruwan wanke kai ya juye wa fulas da mai fulas, sannan muryar Kawu ta shaƙe a tsakiyar "kwastan".

"Jan nan ai na ɗaukar murya ne," in ji mai maganin ɓera, yana duban gawar lasifikarsa. "Da ka tambaye ni."

"Injiniya ba ya tambaya," in ji mai aski. "Binnewa yake yi."

A cikin shago Hajiya ba ta ɗaga murya ba. Ta buɗe durowar keke, ta ɗage zarurruka, ta fito da kwalin, ta ɗauki babban almakashin Kawu ta yanka shi gida gida a kan teburi, ƙawayenta na kallon silin. Kawu ya leƙo baranda, ya dubi ɗan ƙanwarsa da ruwa ke ɗiga daga haɓarsa.

"Kawu, in ka lura, tururin dai ya fito. Saura ɗan gyara a..."

"Ko inuwar barandar nan ka taka, sai na ɗinke maka baki da zaren jaka."

Hukuncin sauran bai ɗauki lokaci ba. Mai aski ya ce Tartsatsi zai riƙa share masa gashi kullum da safe har ranar da injin zai tashi daga jinya. Dattijon kuwa ya ce ya ji muryar yaron a lasifika, kuma ba laifi, tana da kauri.

Kusurwar baranda ba ta zauna fanko ba. Hajiya ce ta kawo kujera ta zauna a wurin, tana sayar da maɓallan riga da zare, fuskarta na kallon labulen gwaji daga safe har a rufe shago. Da aka rasa katakon da za a yi mata teburi, sai ta tuna wani allo da ta gani a ƙarƙashin gadon Tartsatsi. Aka kife shi, aka buga masa ƙafafu, BABBAN INJINIYA na kallon ƙasa. Tarin Kawu ya ragu sosai.

Shi kuwa Tartsatsi, da hantsi za ka gan shi da faranti a ka, dattijon na gaba yana tafiya a nitse, shi yana baya yana kwarara talla. Idan sun iso layin, masu shaguna sukan fito su yi masa maraba.

"Injiniya!" mai aski zai ƙwala. "Caji ya yi ƙasa, ba ma ji daga nan!"

Ranar farko ya sunkuyar da kai. Daga baya ya saba, har yakan tsaya a gaban barandar ya gaida Hajiya da teburinta, sannan ya juya ga mai aski, ya shafa maƙogwaronsa.

"Kada ka damu, maigida, wannan lasifikar ba za ta ɗauke wuta ba. Ita kaɗai ce a layin nan da ba ni na haɗa wayoyinta ba."

Sai ya gyara farantin, ya buɗe murya har ƙarshen layi: "Maganin ɓera! Maganin kyankyaso!"